Tsinken da Ke Ba da Shaida a Masana'antar Magani

Yau a shirinmu na faɗakarwa kan lafiya za mu leƙa wani wuri da yawancinmu ba mu taɓa taka ƙafa ba, alhali abin da ke fitowa daga cikinsa yana kwana a ɗakunanmu, muna sha, muna ba 'ya'yanmu: masana'antar haɗa magunguna. A cikinta kuma akwai wani ɗan tsinke da nake so mu tsaya a kansa. Tsawonsa bai wuce na biro ba, da ɗan ƙyalle a kansa, kusan irin wanda aka riƙa zura wa mutane a hanci lokacin korona. Aikinsa shi ne ya ba da shaida cewa injin da aka ce an wanke ya wanku.

Dalilin neman shaidar shi ne, masana'antu kaɗan ne ke ware wa kowane magani injinsa. Tukunyar cuɗa gari ɗaya ce, injin busarwa ɗaya, injin buga ƙwaya ɗaya. Ranar Litinin a zuba maganin hawan jini, ranar Laraba a zuba maganin zazzaɓin yara. Duk uwargidan da ta taɓa aika markaɗen gero injin da aka gama markaɗa attaruhu ta san labarin. Mai inji zai rantse ya ɗauraye, kuma ba ƙarya yake ba, ya ɗauraye ɗin, amma kunu ya zo da yaji. To shi yaji harshe yana kama shi. Ragowar maganin hawan jini a cikin maganin jariri babu harshen da zai kama ta, babu hancin da zai ji ta, kuma jaririn ba shi da bakin faɗa.

Abin ya taɓa faruwa, kuma shi ya farkar da hukumomi. A shekarar 1988 aka janye wani magani daga kasuwa a Amurka, sunansa kolestiramin, ana ba masu yawan kitse a jini. An tarar a cikinsa da ɓurɓushin sinadaran da ake samu wajen haɗa maganin ƙwarin gona. Da aka bi diddigi, sai zato mafi ƙarfi ya faɗa kan ganguna. Kamfanin da ke haɗa ainihin garin maganin yakan tace ruwan sinadarin da ya yi aiki da shi ya adana don ya sake amfani, gangunan da ya adana shi a ciki kuwa an taɓa zuba musu ruwan aikin maganin ƙwari. Ba a taɓa gwada wankin gangunan an ga yana fitar da datti ba, ruwan da ke ciki ma ba a yi masa isasshen gwaji ba. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. An aika gurɓataccen garin wata masana'antar domin kammalawa, ya ɓata jakunkunan tace na injin busarwarta, jakunkunan suka ɓata wasu zubin da aka yi daga baya, a wurin da ba ruwansa da maganin ƙwari.

A 1993 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar wa sufetocinta jagorar duba wankin injuna, ta kuma kawo wannan labari a ciki a matsayin izina. Dokar a tsabtace inji ta girmi wannan shekara nesa ba kusa ba. Abin da ya canja shi ne, kalmar "mun wanke" ta daina wadatarwa. Sai kamfani ya rubuta yadda yake wanki daki-daki, wane sabulu, ruwa mai zafin nawa, minti nawa, wa zai kwance wane sashe, sannan ya kawo sakamakon gwaji da ke nuna cewa in an bi wannan rubutun, inji yana fitowa tas. A al'adar wannan aiki, ana so a ga hakan sau uku a jere ba tare da faɗuwa ba.

Nan wata tambaya ta taso: tas ɗin nan, ina iyakarsa? Babu wankin da ke kai ragowa sifili, don haka dole a sa iyaka. A 1993 ɗin dai, wasu ma'aikatan kamfanin Eli Lilly guda biyu, Fourman da Mullen, suka wallafa ma'aunin da duniya ta daɗe tana bi. Kada abin da ya tsallaka daga maganin farko zuwa na biyu ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na abin da majinyaci ke sha. Kada ya wuce miligiram 10 a kowane kilo na sabon zubi. Kuma kada ido ya ga komai a jikin ƙarfen. Daga baya aka ga wannan ma'auni yana yi wa magunguna kuɗin goro, alhali wani magani ɗan mitsitsinsa ma illa ne, wani kuma da sauƙi. Shi ya sa a 2014 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce masanin guba ya zauna ya nazarci kowane magani, ya fitar da adadin da mutum zai iya shaƙa ko haɗiya kullum har tsawon rai ba tare da cutuwa ba, daga nan a gina lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu da tata jagorar a 2021.

Akwai kuma inda aka ce ba a yarda da wanki ba kwata-kwata. Dangin fenisilin, irinsu amoksisilin da ampisilin da muke saye a kemis, wasu mutane jikinsu ba ya ɗaukarsu. Abin da bai kai a gani ba zai iya tayar musu da borin jini, maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Saboda haka doka ta ce a gina wa fenisilin wurinsa daban, da injunansa, har da iskar da ke zagaya ɗakin.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda ake tabbatar da cewa injin haɗa magani ya wanku kafin a zuba wani maganin. Yanzu mu shiga ɗakin mu ga yadda ake yi.

An gama wanki, inji ya bushe. Bushewar tana da muhimmanci, domin jiƙaƙƙen ƙarfe yana ɓoye tabo. Ma'aikaciyar sashen tabbatar da inganci ta shigo sanye da rigar aiki, da hula, da takunkumi, da safar hannu. Abu na farko a hannunta tocila ce. Tana haska cikin tukunya, tana karkata hasken ta gefe, tana leƙa ƙarƙashin fiffiken da ke juya gari. In ta ga ko ɗigon tabo, magana ta ƙare, ba a ma ɓata tsinke. Wanki ya faɗi.

In ido bai ga komai ba, sai ta ɓare tsinken daga ledarsa. Kan tsinken ba auduga ba ce, galibi saƙaƙƙen zaren roba ne da aka wanke shi musamman, saboda auduga tana zubar da gashi, kuma tana ɗauke da nata sinadaran da za su rikita gwaji. Ta tsoma kan a ruwan da aka riga aka gwada cewa yana narkar da wannan maganin, wani lokaci tataccen ruwa, wani lokaci sinadari irin metanol. Ta matse shi a jikin kwalba, ya zama da danshi amma ba ya ɗiga. In ya cika ruwa, zai narkar da dattin ya bar shi kwance a wurin. In ya bushe da yawa, ba zai ɗago shi ba.

Wurin da za ta shafa a aune yake. Mafi yawa santimita 5 tsawo, santimita 5 faɗi, wato murabba'in santimita 25, bai kai tafin hannu ba. Wasu kan yi 10 da 10. Ta kwantar da kan tsinken, ta danna, ta ja layi daga wannan gefe zuwa wancan, layi na bin layi yana ɗan hawa kan na baya don kada a bar rata. Ta juya ɗaya fuskar, ta sake ja, wannan karon daga sama zuwa ƙasa, layukan na gitta na farko. Sai ta karya kan tsinken ya faɗa cikin kwalba ba tare da yatsanta ya taɓa shi ba, ta rufe, ta rubuta sunan inji, da wurin da aka shafa, da lokaci, da sunanta. Akwai wata kwalbar da ake jefa tsinken da bai shafi komai ba. Wannan ita ce ma'aunin gaskiyar sauran: duk abin da aka gani a cikinta, daga tsinken ne ko ruwan ko kwalbar, ba daga inji ba.

A ɗakin gwaji a jijjiga kwalbar har abin da ƙyallen ya kwaso ya sauka cikin ruwa. Hanyoyin aunawa biyu suka fi yawa. Ɗaya na'ura ce da ake kira HPLC, wadda ke rarrabe sinadarai ta nemo maganin da ake nema shi kaɗai, ta faɗi yawansa. Ɗayar ana ce mata TOC, ita ba ta tambayar suna, duk wani abu mai sinadarin kabon da ke ciki, magani ne, sabulu ne, maiƙon hannu ne, tarawa take ta ba da jimla, sai a ɗauka duk jimlar ta abu mafi haɗari ce. Kowace da ramin da ake faɗawa. Sabulun masana'anta mai ƙarfi yana iya farfasa magani ya koma wasu sinadarai. Na'urar da ke neman maganin da sunansa za ta ce ba ta gan shi ba, alhali gutsattsarinsa na nan manne.

Wannan ya kawo mu wurin da, a ganina, duk nauyin aikin yake. Idan ɗakin gwaji ya ce "ba a ga komai ba", me ya faɗa? Yana iya nufin inji ya wanku. Yana iya nufin na'urar ba ta da kaifin ganin ɗan abin da ya rage. Yana kuma iya nufin tsinken ya bi ta kan dattin ya wuce bai ɗauko ba. Takardar sakamako iri ɗaya ce a duka ukun. Saboda haka kafin a yarda da shaidar tsinke, sai an gwada tsinken kansa.

Ga yadda ake yi. A samo ɗan faranti na irin ƙarfen da aka ƙera injin da shi, ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316L shi ya fi yawa. A ɗiga masa adadin magani da aka sani, a bar shi ya bushe, sannan a shafa shi daidai yadda za a shafa inji, a auna nawa ya dawo. In an ɗiga 100 aka samo 80, an san tsinken yana barin kashi 20 a baya. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya haura kashi 80 cikin ɗari yana da kyau, wanda ya haura 50 za a iya karɓa, wanda ya gaza 50 abin shakka ne. Kuma ba a ƙarfe kaɗai ake tsayawa ba. Inji yana da gilashi, yana da roba a mahaɗar bututu, yana da tiyo, kowanne da yadda yake riƙe datti. Roba takan tsotse magani ta ƙi saki. Mutumin da zai yi shafar shi ma sai an gwada hannunsa a kan farantin, domin mutum biyu da tsinke iri ɗaya suna iya samo sakamako daban, wannan ya danna, wancan ya lallaɓa.

Bari mu yi ɗan lissafi, lambobin na misali ne, na zaɓe su don sauƙi. A ce masanin guba da masu lissafi sun fitar cewa duk abin da aka yarda ya tsallaka zuwa zubi na gaba miligiram 200 ne. A ce duk jikin injunan da maganin ke taɓawa, in an haɗa, murabba'in santimita 100,000 ne. In ka raba, kowane murabba'in santimita ya tashi da maikirogiram 2, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram. Wurin da aka shafa 25 ne, don haka iyakarsa maikirogiram 50. Don ku ji ƙanƙantarsa, kashi ɗaya ke nan cikin dubu goma na sinadarin da ke cikin ƙwayar farasitamol guda mai miligiram 500. To sai ɗakin gwaji ya ce ya samu 44. Wanda bai sani ba zai yi murna, 44 bai kai 50 ba. Amma mun riga mun san tsinkenmu kashi 80 yake ɗaukowa. Ainihin abin da ke jikin ƙarfen 55 ne. Wanki ya faɗi.

Ku kuma lura da wani abu a cikin lissafin. An shafa 25 daga cikin 100,000, kashi ɗaya cikin dubu huɗu. Ɗan wannan fili shi zai yi magana da yawun sauran duka. Ko an shafa wurare goma ko ashirin, abin da aka taɓa bai taka kara ya karya ba. Saboda haka zaɓen wuri shi ne komai. Tsakiyar bangon tukunya, inda ruwa ke bugawa da ƙarfi, inda hannu ke kaiwa ba wahala, kullum zai ba da sakamako mai daɗi. Ƙa'ida ta ce a je inda wanki ya fi wuya: bayan fiffike, bakin bawul ɗin da gari ke fita, lungun da aka yi walda, ƙarƙashin robar murfi, ramukan da ƙwaya ke samun siffarta. Masu wanke injin da hannunsu sun fi kowa sanin waɗannan lunguna, kuma kamfanin da ya san abin da yake yi yakan tambaye su kafin ya zana taswirar wuraren shafa. Haka wajen zaɓen magani: a yi gwajin da wanda ya fi ƙin narkewa, ko ya fi guba, ko ya fi manne wa ƙarfe. Haka wajen lokaci: in an saba barin inji da datti daga Juma'a zuwa Litinin, to a gwada wankin bayan dattin ya kwana ukun ya ƙeƙashe.

Akwai wata ɗabi'a da hukumomi suka yi tir da ita, ni ma ina ganin ita ce mafi muni a wannan fage, domin tana kama da ƙwazo. A shafa, sakamako ya faɗi, a sake wankewa, a sake shafawa, a yi ta yi har a samu wanda ya ci, sai a ajiye wannan a fayil. Injin ranar nan wataƙila ya wanku. Amma abin da aka fito nema shi ne ko tsarin wankin da aka rubuta yana aiki, kuma faɗuwar farko ta riga ta ba da amsa. Daidai shi ne a rubuta faɗuwar, a binciko dalilinta, a gyara tsarin, a koma farko. Wannan yana cin kwanaki, inji yana tsaye, 'yan kasuwa na jiran kaya. Ma'aikaciyar da ke riƙe da tsinken da wanda ke sa hannu a takardar su ne ke ɗaukar wannan matsi, kuma ina ganin ya kamata shugabannin kamfanoni su sani cewa ma'aikacin da ya kawo musu sakamakon faɗuwa aikinsa ya yi.

Inda tsinke ba ya kaiwa, kamar cikin dogon bututu, ana tara ruwan ɗauraya na ƙarshe a auna. Yana da amfani, yana ratsa fili mai yawa, sai dai abin da ya ƙeƙashe ya ƙi narkewa ba zai biyo ruwan ba, shi ya sa ake haɗa hanyoyin biyu.

Ƙwayoyin cuta kuma nasu gwajin daban ne. A ɗakunan da ake haɗa allura da ruwan ƙari, ana danna wani ɗan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta a jikin tebur ko bango, ko a shafa lungu da tsinke, a ajiye a ɗumi na wasu kwanaki a ƙirga abin da ya tsiro. A ƙa'idar Turai, wurin da ake cika kwalbar allura ba a yarda ko ɗaya ya tsiro ba, ɗakin da ke kewaye da shi kuma kada ya wuce 5 a faranti. Abincin da ke farantin ana sa masa sinadarin da ke kashe kaifin maganin goge ɗaki, in ba haka ba ragowar maganin za ta hana ƙwayoyin tsirowa, a ɗauka babu su. Injin da aka wanke kuma ba a barinsa da ruwa kwance, domin a nan ƙwayoyin ke hayayyafa, balle a ƙasa mai zafi irin tamu.

Kada kuma mu ɗora wa tsinken abin da ba nasa ba. Maganin haƙoran yara na My Pikin, wanda ya hallaka yara aƙalla 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009, gubarsa ta shigo ne ta cikin kayan haɗi. Inji mai ƙyalli ba zai hana wannan ba, gwajin kayan da aka sayo ne zai hana. Ƙofofin da cuta ke shigowa magani suna da yawa, tsinke ɗaya daga ciki yake tsaro.

A nan gida, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin shiga masana'antu ta duba irin waɗannan takardu, na cikin gida da na ƙasashen da ake shigo mana da magani daga can. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a mataki na uku na ƙwarewa cikin matakai huɗu. A 2023 kuma kamfanin Swiss Pharma da ke Legas ya samu amincewar hukumar ta duniya kan ƙwayar zinc da ake ba yara masu gudawa, amincewar da ba a samunta sai sufetoci sun zo sun bincika masana'anta ciki da bai. Ma'ana, aikin nan ana yinsa a ƙasar nan, kuma matasanmu da ke karanta haɗa magunguna, da kimiyyar sinadarai, da ta ƙananan halittu a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, wannan fage ne da ke buƙatarsu.

Mai sauraro ba zai iya shafa injin kowa ba, amma akwai abin da ke hannunsa. Maganin da ba shi da lambar rajistar NAFDAC, ko wanda aka ƙirgo maka a leda ba kwali ba suna, babu wanda zai iya ce maka an taɓa duba injin da ya fito daga ciki. A jikin kowane kwali na gaskiya akwai lambar zubi, kusa da ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace. Da wannan lamba ake komawa fayil a ga wane inji ya buga shi, wane magani ya riga shi shiga injin, wa ya wanke, wa ya shafa, me aka samu. In ka sha magani ka ji abin da ba a saba ji ba, ko ka ga ƙwaya da ɗigon wani launi, ko ruwan magani da wani abu yana yawo a ciki, ka dakata da shi, kada ka yar da kwalin. Ka kai wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani, ka nemi a kai rahoto NAFDAC tare da lambar. Masu babbar waya kuma akwai manhajar Med Safety da hukumar ke karɓar irin wannan rahoto ta cikinta.